Layin Mafaza a Jadawalina

Yaya Usman,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya aiki, ya zafin Jidda? Ya Sa'adiyya da yara? Mu nan Gadarif lafiya lau, an gama yankan riɗi.

A jami'a ana koya mana tsara harkar kasuwanci a jadawalin kwamfuta. Sai na gwada da lorin Baba: na zuba garuruwan da yake ɗauko riɗi, da nisansu, da man da yake sha. Kwamfuta ta ce ya daina ratsawa ta garin Mafaza, ɓarnar mai ce kawai.

Da murnata na nuna masa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To Hauwa, wa zai riƙa leƙa Gwaggonku Asabe?" Wallahi Yaya, ban san tun rasuwar mijinta saboda ita yake wannan ratse ba. Tausayinsu ya kama ni.

Malaminmu ya ce abin da ba a taɓawa, sharaɗi ake mayar da shi, wanda dole kwamfuta ta bi. Yanzu Mafaza tana da layinta na dindindin a jadawalin, kwamfuta sai dai ta juya sauran garuruwan.

Ka sa ni a addu'a, jarrabawa ta matso. Ka gaishe da mutan gida. Kuma don Allah ka kira Gwaggo, tana cigiyarka.

Ƙanwarka,
Hauwa