Ragowar Gurasar da Saleh Ya Ba Tantabaru

Jidda, 9 ga Afirilu, 1976

Zuwa ga matata Dela,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya yara, yaya ƙafar Inna? Ni lafiya, sai kewarku.

Kin tambayi labarin Saleh, bakaniken nan ɗan Takum da muke aiki tare a tashar jiragen ruwa. Dela, mun ɓata. Kin san nan babu majami'a, kuma shi kaɗai ne Kirista mai jin Hausa da na sani. Kowace Juma'a, ranar hutunmu, mukan rufe ɗakina a unguwar Bagdadiyya mu yi Jibin Ubangiji, ya miƙo mini gurasa, in miƙa masa.

Ran nan muna gamawa ya kwashe ragowar gurasar ya watsa wa tantabaru ta taga. Na tuna masa mu 'yan Luta na Numan mun gaskata jikin Almasihu yana cikin gurasar. Shi kuwa wai a cocinsu alama ce, an gama an gama. Na kawo masa abin da aka koya mana a makarantar Baibul: magabatan cocinmu da nasu, Luta da Zwingli, sun yarda a kan batu goma sha huɗu, wannan ɗaya ya raba su. Ya yi dariya, wai ga Luta da baƙin mai a farce. Kin san halina. Na buɗe masa ƙofa, na ce ya fita.

Ki yi mini addu'a.

Mijinki,
Filibus

Jidda, 11 ga Yuni, 1976

Dela tawa,

Ina fata kuna lafiya. Na ga wasiƙarki, na kuma sha faɗan. Kin fi ni gaskiya, amma ta iso a makare.

Iƙamar Saleh, takardar izinin zamansa, ta ƙare, kamfani bai sabunta ba. A bakin wani direba na ji za a mayar da shi gida, na bi shi filin jirgi da gudu. Na miƙa hannu, ya riƙe, ya daɗe bai saki ba. Abin da ya ce kawai: "Filibus, kowace Juma'a ina sa rigata in zauna, ko za ka aiko."

Har gobe ina ganin ra'ayina ne daidai, ba zan ɓoye miki ba. Amma yau na sayo gurasa, na rufe ɗaki, na gutsura, na zauna da ita a hannu har aka sauko daga masallaci. Babu mai miƙo mini, ni ma babu wanda zan miƙa wa. Ban iya ci ba.

Ki gaida yara da Inna.

Naki har kullum,
Filibus