Ku Zo Ku Ji Gudumar Baba Idi

Zuwa ga Mushe (wato Malam da Faransanci) Darakta na cibiyar da ta haɗa manhajar duba walda, Parakou.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Mai wannan takarda shi ne Alhaji Shugaban Ƙungiyar Masu Walda na jihohin Borgou da Donga baki ɗaya. Don haka a gyara zama.

Na ɗaya. Tun kafin azumin bara, wani mai gareji da ke haɗa bodin motocin shanu a Parakou ya daina karɓar aiki sai an haska shi da wayarku. In ta nuna kore a karɓa, in ja a mayar. An ce hotunan walda kuka yi ta nuna mata har ta koyi gane rami da tsagewa. Madalla. Sai dai da gani sabon ƙarfe kuka nuna mata, mu kuwa tsoho mai tsatsa muke haɗawa.

Na biyu. Akwai dattijo a Djougou, Baba Idi, shekara arba'in yana walda. Aikinsa ba kyan gani, kamar tabon ƙuna yake, amma bijimi bai taɓa ɓalle ƙofar da ya haɗa ba. Shi ba da ido yake dubawa ba. 'Yar guduma yake ƙwanƙwasawa ya kasa kunne; in da rami a ciki, ƙarfen zai faɗa masa. Ƙofa shida ya kai Parakou, duka shida ja. Mai garejin, wanda a hannun Baba ya koyi riƙe tsinken walda, ya ce masa a gaban jama'a, "Baba, ba ni ba ne, mashin ce ta ƙi." Baba ya ce, "To, a gaishe ta." Ya sa aka loda ƙofofinsa.

Na uku. Wani shaƙiyyi cikin mambobinmu ya manna ƙarfe biyu da mastik, abin cike lotsawar bodin mota, ya goge, ya shafa fenti, ya kai aka haska. Kore! Nan take ya karya shi a gwiwa. Ya kai wa Baba gutsattsarin don ya yi dariya. Baba ya ƙwanƙwasa da farce, ya ce, "Irin wannan za a ɗora wa shanu da mutane?" Bai yi dariya ba. Tun ranar bai sake buɗe shagon ba, abinci ma sai an matsa masa.

Ba mu ce ku jefar da na'urarku ba. Roƙonmu ku zo Djougou ku ɗauki hoton irin ƙarfenmu, ku naɗi ƙarar gudumar Baba, ku koya mata ji tun yana raye. Ƙofofin nan shida suna jingine a bayan gidansa. Ku yanka ɗaya ku duba cikinta, abin da kuka gani ku faɗa a gaban mutanen da aka kunyata shi.

Allah ya ƙara maka basira, ya tsare ka da ganin ranar da za a mayar maka da aikin hannunka.

Saura gaskiya, Mushe. Babu wata ƙungiya, ban kuma taɓa zuwa Makka ba. Ni ne shaƙiyyin mai mastik, Sabi'u, autan Baba Idi. Allo kaɗai na yi, boko a waya na tsinta. Da na sa sunana a sama, da ba ka karanta har nan ba. Tun ina ƙarami ban taɓa kasa sa mahaifina dariya ba sai bana. Gudumar tana wurina, ya ce in riƙe. Ni so nake in mayar masa.

Wassalam.
Sabi'u Idi, Djougou.