Jikarka Ta Ajiye Maciji a Ɗaki

Zuwa ga mahaifina, Malam Idi,

Assalamu alaikum, Baba. Ina gaishe ka, ina roƙon Allah ya kai haske kabarinka. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Shekara biyu ke nan da rasuwarka, amma akwai maganar da ta tsaya mini a maƙogwaro, kuma abin da ya faru watan jiya ya sa na kasa ci gaba da haɗiye ta.

Bari in fara ba ka labarin gida. Inna tana lafiya, sai ciwon gwiwar nan da ka sani. 'Yar'uwata Hadiza ta haihu, namiji, an mayar masa da sunanka. Yaya Musa ne ke noma gonar bayan dutse, kuma bana gyaɗa ta yi kyau. Abu ɗaya ne ba za ka ji daɗinsa ba. Tun da ka tafi, babu wanda ake aikawa a kira in maciji ya shiga ɗaki. Inna ta ce yanzu fetur ake watsawa a ƙyasta ashana. Rumbun maƙwabcinmu ya ƙone ƙurmus saboda wata 'yar mesa da ko dafi ba ta da shi.

Mu ma nan Riyad lafiya lau. Ina nan ina gyaran injina a Birnin Masana'antu na Biyu, muna zaune a unguwar Gubaira, a saman wani shagon gyaran mota. Matata Binta tana gaishe ka, da kana ji. Amaryarka Ummi, jikar da ka gani sau biyu kacal, ta shekara goma sha uku. Larabci ya fi Hausa zama a bakinta. Ciwon asmarta bai rabu da ita ba, likita ya hana ta kyanwa, ya hana ta tsuntsu. In zafi ya shigo garin nan, yaro sai ya yi wata uku bai taka ƙofar gida da rana ba. Tana zaune ita kaɗai da waya a hannu, har muka fara damuwa da shirunta.

Rannan muna cin abinci ta ce maciji take so a sayo mata, tunda shi ba shi da gashi. Binta ta ajiye cokali ta ce ko ita ko shi a gidan. Ummi ba ta yi kuka ba, ba ta yi fushi ba. Bayan kwana uku sai ga ta da littafi cike da rubutu: abin da suke ci, ɗumin da suke buƙata, waɗanda ba su da dafi. Kullum da yamma ta zauna kusa da uwarta ta karanta mata shafi guda. Sati uku aka yi ana haka kafin Binta ta sauko, da sharaɗin akwatin ya zama da kwaɗo, kuma ɓerayen abincinsa da ake daskararwa ba za su kwana a firjinta ba. Wannan naci na wa ta gado, Baba? Ni dai ba nawa ba ne.

Duk tsawon makonnin nan ban ce uffan ba, kuma ga dalili. Ummi ba ta san ko kai wane ne ba. Na gaya mata kakanta manomi ne. Ban yi ƙarya ba, amma rabin gaskiya na ba ta.

Ban gaya mata cewa daga ƙauyuka shida ake zuwa a buga mana ƙofa ba. Ban gaya mata yadda kake fitar da mata da yara waje, ka shiga ɗakin da buhu da sanda mai baki biyu, ka tsuguna ka yi shiru har macijin ya gaji da ɓuya. Ba ka kashewa sai dole. Ka kai shi can bayan duwatsu ka sake shi, ka dawo ka nuna wa masu gida ramin ɓeran da ya jawo shi. Ba ka taɓa yin wasa da maciji a kasuwa ba, ba ka taɓa cewa kana da asiri ba. In an kawo maka wanda kububuwa ta sara, ba ka tsagawa, ba ka ɗaurewa, sai ka ɗora shi a bayan babur zuwa asibiti a Kaltungo, ko da danginsa na zaginka cewa ka hana su maganin gida. Mutum nawa ne ke noma yau saboda ka ƙi yi musu ƙarya?

Ni kuwa abin da na riƙe shi ne yaran makaranta na kirana ɗan gardi. Ka tuna ranar da muka gama kwalejin fasaha a Bauchi? Ka zo da farar rigarka da Inna ta sa wa bula, da hannun nan naka mai yatsu biyu a lanƙwashe. Wani abokina ya tambaye ni wane ne, na ce wani dattijon garinmu ne. Kana tsaye kusa da ni, ka ji. Ka miƙa masa hannu ka ce ƙwarai, garinmu ɗaya. Har ka koma ga Allah ba ka taɓa tayar mini da maganar ba. Me ya sa ba ka yi mini faɗa ba, Baba? Da ka yi, da na samu ƙofar neman gafara.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar na ɗauki Ummi muka je wani shago a arewacin gari, inda ake sayar da irin waɗannan dabbobi. Ita wata ƙatuwar mesa rawaya ta gani a waya take so. Mai shagon, wani dattijo ɗan Sudan, ya yi dariya ya ce wannan in ta girma ta kai tsawon mota, mutum ɗaya ba ya ɗaukarta. Ya fito mana da guda biyu da ya ce sun dace da mai koyo. Na farko siriri ne mai launin jan ƙasa, macijin masara suke ce masa. Da ya buɗe akwati na biyu sai na gane ta nan take. 'Yar mesar nan ce ta garinmu, wadda in ta tsorata take dunƙulewa ta cusa kanta a tsakiya. Irinta ka fara ɗora mini a tafin hannu ina ɗan shekara shida.

Ban san lokacin da na miƙa hannu ba. Na ɗago ta daga ƙasa, ta tsakiyar jiki, ban tunkare ta ta wajen kai ba, na bar ta ta bi yatsuna yadda take so. Na duba idonta ko ya washe, na duba bakinta ko akwai kumfa, na bi ɓawon jikinta ina neman 'yan ƙananan kaska. Haka na yi wa ɗayan. Na tambayi mai shago yaushe suka ci abinci, ko saɓarsu tana fita ɗungurungum, ko a gida aka ƙyanƙyashe su ko daga daji aka kamo. Ya ɗauko takardunsu ya nuna mini, ya ce da alama na daɗe a sana'ar. Ummi tana gefe tana kallona kamar yau ta fara ganina.

Zuciyata mesar take so, ba zan ɓoye maka ba. Amma ita laima take buƙata, garin nan kuwa busasshe ne, ga na'urar sanyaya ɗaki da ba a kashewa. Kuma in ranta ya ɓaci sai ta yi watanni ba ta ci ba, abin da zai karya wa yarinya gwiwa. Macijin masara ba ya wasa da abinci, ba ya saurin fushi, tsawonsa bai fi na tabarmar salla da yawa ba. Aibinsa ɗaya, ɗan zamewa ne, in ya samu kafa ko ta yatsa ce sai ya fice. Na tuna kana cewa mai koyo ba ya farawa da abin da ya ba shi sha'awa, yana farawa da abin da zai iya sauke haƙƙinsa. Na kuma gaya wa Ummi cewa dabbar nan tana iya kai shekara ashirin, mu kuwa iƙamarmu, wato takardar izinin zama, shekara-shekara ake sabunta ta. Ashe ta riga ni tunani. Ba mu bar shagon ba sai da mai shi ya yi mata alkawarin zai karɓe shi in tafiya ta kama mu. Na ce ba za mu ɗauka ba sai mun dawo ranar ciyarwa mun ga ya ci da idonmu.

A mota ta tambaye ni inda na koya. Na gangara gefen titi na tsaya, na gaya mata komai, har da abin da na yi maka a Bauchi. Ba ta ce mini "ba komai" ba, kuma ban ga laifinta ba.

Mun koma mun ga ya ci, yanzu macijin masaran yana ɗakinta. Ta bar shi sati guda ba ta taɓa shi ba don ya saba, ta sa masa ɗumi a gefe ɗaya na akwatin, ɗayan gefen da sanyi. Binta har yanzu ba ta shiga ɗakin, amma na kama ta tana leƙe ta bakin ƙofa. Ummi kuwa bakinta ya buɗe. Kullum da tambayar da za ta yi mini a kanka, tana kiranka jaddi, wato kakana. Shekaranjiya ta tambaye ni ko ka taɓa jin tsoro. Shekara talatin da wani abu muna tare a duniya, ban taɓa tambayarka ba.

Sai na kira Inna. Na yi mata tambayar Ummi. Ta ce duk ranar da ka dawo daga kamu, bayan ɗaki kake zagayawa ka zauna inda ba mai ganinka. Hannunka na rawa har ba ka iya riƙe kwanon ruwa, ita ke riƙe maka kana sha. Ta ce shekara arba'in haka, kuma ba a taɓa buga ƙofa ka ce a ce ba ka nan ba.

Ni na ɗauka ba ka san tsoro ba ne, Baba. Ashe da shi kake tafiya, da shi kake dawowa.

Ka yafe mini. In Allah ya kai mu azumi zan je Makka in yi maka umra, Ummi ta ce ƙafata ƙafarta. Allah ya gafarta maka, ya saka maka da Aljanna, ya sada mu da alheri.

Ni ne ɗanka,
Sani, ɗan Malam Idi mai kama maciji