Babin da Na Zubar

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa. Yaya karatu, yaya ciwon kan nan naki? Mama da Baba suna lafiya, suna gaishe ki.

Yaya, na kasa zama wuri ɗaya. Kin tuna ƙawata da muke kira Ƙyalƙyala saboda dariyarta? An yi mata aikin ido, likita ya hana ta karanta ƙananan rubutu, ga jarrabawar Tarihi saura kwana tara. Sai na ce zan taƙaita mata littafin da manyan baƙaƙe. Shafi saba'in ne, ina so ya dawo takwas. Na ja layi da fensir ƙarƙashin muhimman wurare, da na duba sai na ga kusan duk littafin na ja wa layi. Ke yaya kike gane abin zubarwa? Jiya dai na rufe ido na cire babin hanyoyin fatauci gaba ɗaya, tunda ko shekara ɗaya ta haddacewa babu a cikinsa.

Ki amsa mini da wuri.

Ƙanwarki,
Auta

Zuwa ga Yayata,

Ina fata kina lafiya. Amsarki ta iso bayan jarrabawa.

Tambaya mai maki ashirin daga babin da na cire ta fito. Ni na amsa, domin na karanta shi kafin na zubar. Ƙyalƙyala tana gefena, ina jin bironta ya tsaya. Da muka fito ba ta zarge ni ba, cewa ta yi wai idonta ne ya ci amanarta. Wannan ya fi zagi ciwo.

Sau uku ina zuwa ƙofar ofishin malamai ina juyowa. A na huɗu Malamar Tarihi ta ce in shigo ko in daina share musu baranda da takalmi. Na miƙa mata shafuka takwas ɗin, na ce laifina ne. Ta karanta har ƙarshe, ta ce na tsince shekaru na watsar da mutanen da suka rayu a cikinsu.

Za ta sake yi wa Ƙyalƙyala tambayar ranar Litinin, amma da sharaɗi: gobe in tsaya gaban aji in karanta babin duka da ƙarfi, kada in tsallake ko kalma ɗaya. Ni da muryata ba ta kaiwa bencin gaba! Na ce to.

Ki yi mini addu'a.

Taki kullum,
Auta