Gashin da Aka Ciro Daga Jikina Nawa Ne

Zuwa ga Fasto da Dattawan Ikkilisiyarmu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan kuna lafiya tare da iyalanku.

Jiya, ina kwance rub da ciki a asibiti a Kafanchan, mijina ya gaya mini kun hana Gwaggo Saratu, ƙanwar mahaifina, cin Jibin Ubangiji, wai ita ta yi mini jifa. Har yanzu na kasa gaskatawa.

Na ɗaya. Gaskiya ne an ciro dunƙulen gashi daga marurun da ke ƙasan bayana. Mijina ya tsorata, ya naɗe shi a takarda ya kawo muku. Amma ko ɗayanku bai tako ya tambaye ni ba.

Na biyu. Likita ya ce gashin nawa ne, shi ke karyewa ya nutse cikin fata ya ruɓe. Ya ce ciwon ya fi kama mai yawan gashi, mai jiki, mai dogon zama cikin gumi. Tun da aka buɗe makarantun kyauta nake kan keken ɗinki daga safe har yamma, ina ɗinka wa 'ya'yanku kayan makaranta. Sauran kuma, tunda kun tilasta ni, ga shi: al'adata takan yi wata huɗu ba ta zo ba, kuma shekara goma ina tsige gemu a ɓoye kafin in fito sujada. Likita ya ce duk tushensu ɗaya, wani ruwan jiki ne da ya rikice. Na ji kunyar rubuta wannan, amma kunyarku ta fi tawa.

Na uku. Matar da kuka yanke wa hukunci ita ta yi ta wanke mini mugunya da hannunta. Yanzu ko a rijiya ba a amsa gaisuwarta.

Ina roƙonku ku aiko dattijo biyu su ji daga bakin likita, sannan ku wanke ta a gaban jama'a, yadda kuka ɓata ta. In kuwa dole sai an hukunta mai gashin nan, sunana za ku kira ranar Lahadi.

Ubangiji ya ba ku hikima, ya gafarta mana duka.

Wassalam.
'Yarku,
Rifkatu mai ɗinki