Babi Ɗaya Kafin Gwara Su Sauka

Litinin, 5 ga Satumba, 1977
Gwara sun sake cinye abincin kaji. Na cika kwano da safe, na shiga ɗaki in ɗan leƙa littafi, da na fito sai ƙasan kwano nake gani. Ga su jere kan dangar waya suna goge baki. Gilbert ya bi jirgin Inugu, sai Alhamis. Kafin ya fita ya ce, "Bernice, kajin nan ba na ƙauye ba ne, ba su iya tono ba. Abin da kika ba su shi za su mayar miki ƙwai." Na ji. Amma ni ban auri ma'aikacin reluwe na zo Kafanchan don tsaron tsuntsu ba. Na yi wannan aikin a gonar accarmu a Gwantu har muryata ta dushe. Ya isa haka.

Alhamis, 8 ga Satumba
Ya kawo min sabon littafi daga tasha, kafin ya ga kwanon. Da ya fara ganin kwanon da ban samu ba.

Lahadi, 11 ga Satumba
Bayan sujada Yaya Edna ta biyo mu gida. Yayar Gilbert ce, kuma ita ta sayo rabin kajin, don haka ba ta neman izinin leƙa komai. Ta ɗaga buhun abinci ta ji ba nauyi, ta leƙa kwandon ƙwai, sannan idonta ya sauka kan akwatin littattafaina.
"Matarmu, ga masu cin dusar nan. Ki daina ɗora wa gwara."
Ta ce in wata ya ƙare ƙwai bai dawo daidai ba, da kanta za ta kai akwatin wurin Rahmatu mai ƙosai a bakin layi, a riƙa naɗe wa mutane karin kumallo. Gilbert ya yi ta kallon takalminsa kamar yau ya saye shi.
Tun ina makaranta nake tara littattafan nan. Za mu gani.

Laraba, 14 ga Satumba
Na yi maganinsu, kuma ko ƙofa ban fita ba. Igiya na ja bisa wurin kaji, na rataya gwangwanayen madara da tsakuwa a ciki, yadda muke yi a gona. Ƙarshen igiyar ya shigo ta taga, na ɗaura a babban yatsan ƙafata. Ina kwance, in na juya shafi sai in fizga. Kacau! su tashi gaba ɗaya.
Littafin kuwa... wata nas ce da wani kyaftin na jirgin ruwa. Ya tafi bai yi mata sallama ba, ita kuma ta ƙi yin kuka. Haka nake son mace.

Talata, 20 ga Satumba
Ƙwai ya ɗauke. Kajin sun takure a kusurwa, ko iska ta taɓa gwangwani sai su haye kan juna. A gona ba kaji a ƙarƙashin igiya, wannan ne ban tuna ba. Gwara kuma sun saba. Yau na ga biyu a kan igiyar kanta, ina ja suna lilo.
Na kwance gwangwanayen. Ba don Yaya Edna ba.

Juma'a, 23 ga Satumba
Na sayi ƙosai da safe, ina buɗe takardar sai na ga sunan kyaftin ɗina, mai ya jiƙa shi. Ashe jiya da na je kasuwa Yaya Edna ta zo ta ɗauki littafin ta kai wa Rahmatu, wai gargaɗi.
Na koma da gudu ko ɗankwali babu. Rahmatu ta dafe ƙirji. "Wallahi Amarya, ce min aka yi kin gama da shi!" Daga ƙarshen littafin ta fara yagowa. Ta ba ni abin da ya rage, ta ƙara min ƙosai, kamar shi na zo nema. Ƙarshen labarin ya watsu cikin gari, yana hannun 'yan dako da 'yan makaranta. Ko kyaftin ya dawo wurin nas ɗin, ko teku ta ci shi, oho.
Ban yi kuka ba. To, kaɗan.

Asabar, 24 ga Satumba
Na sa wa akwatin kwaɗo, makullin yana wuyana. Don haushi na fitar da kujera tsakar gida na zauna dab da kwanon, ina karanta guntun littafin da ƙarfi, kowa ya ji, har maƙwabta. Ko gwara ɗaya bai sauka ba. Kajin suka fito a hankali suka ci. Kafin in kai ƙarshen babi sun ƙoshi sun koma gefe suna shan ruwa.
Wato sauran wunin duk gwara nake ciyarwa. Na ɗauke kwanon na shigar ɗaki.

Talata, 27 ga Satumba
Safe, rana, yamma. Babi ɗaya, a ɗauke kwano. Ƙwai uku yau.

Lahadi, 2 ga Oktoba
Yaya Edna ta zo da igiyar ɗaure akwati a jaka, na gani. Ta same ni ƙafa kan ƙafa a gaban kaji ina karatu.
"Har yanzu, Matarmu?"
"Ina ba kaji abinci ne, Yaya. In na yi shiru ba sa ci."
Wannan ɗan ƙari ne, amma ita ta fara. Na nuna mata kwandon da haɓa, ban tashi ba. Ta daɗe tana juya ƙwan ɗaya bayan ɗaya tana neman tsaga. Ta ɗauki nata rabon ta ce da dai wani abu mai gina ruhu nake karanta musu. Na ce wannan suka fi so. Gilbert ya shige bayan gida, ina jin yana tari irin na mai danne dariya.
Akwatina yana inda yake.

Talata, 11 ga Oktoba
Littafin kyaftin na sake ɗauka. Yau da yamma na kai inda aka yage, ban ma lura ba, bakina ya ci gaba. Na sa nas ɗin ta shiga jirgin ƙasa ta zo Kafanchan, kyaftin ya yi ta nemanta a tasha cikin ruwan sama. Sai da na ɗaga kai na ga littafin a rufe kan cinyata.
Gwara suna kan danga a jere, shiru. Akwai wani mai guntun wutsiya, kullum shi ke fara zuwa. Haka suke zama a gonarmu in rana ta yi sanyi, Mama na can tana yankan acca tana kirana in bar mafarki.
Da na ɗauke kwanon na kakkaɓe shi a gindin danga. Gari ne kawai, dama zubarwa za a yi.
Rahmatu ta aiko da shafukan ƙarshe, wai ta same su a ƙarƙashin tire ba a naɗe komai da su ba. Suna ƙarƙashin matashi tun jiya. Zan duba. Ba yau ba, gobe da safe kyaftin zai sauka a Gwantu, kuma acca ta nuna.