Fulogin Jirgin Kawu

Daren Laraba, Wara.

Yau ma na koma gidan kallo don fim ɗin nan na mutumin da anka turo daga zamani mai zuwa. Can duniya ta ƙone, ba gulbi ba kifi, mutane cikin rami kamar gafiyoyi. Ya dawo baya ya gargaɗi mutane, sai sunka ɗaure shi, wai mahaukaci ne. Samari na ta dariya. Ni ko raina ne ya ɓaci, don na san wanga ciwo.

Da la'asar na ga katakon gindin jirgin ruwan Kawu Bawa ya ruɓe, tsumma da kwalta kaɗai ke riƙe da shi. Na danna da yatsa, ya shige. Na gaya mai, sai ya ce wai, "Kai ɗan nema, ba kai ka sa wa Malam kwaɗo a buta ba? Tashi ka ba ni wuri!" Inna ma cewa ta yi, "Wanga yaro, ko kiran salla ka yi sai an duba rana."

Gobe kasuwar tsallaken gulbi. Jirgin nan zai kwashi mata da kwandunan banda, har da Inna.

Shi na fim ya tsaya roƙo har komai ya ƙare. Ni na gama roƙo. Tunda da tsiya kaɗai sunka san ni, na kwance fulogin injin, ga shi ƙarƙashin tabarmata. Kawu zai zane ni da igiya, Inna ta rasa kasuwa, ba mai gode min.

Su zage ni, amma a kan tudu.